The Witcher 3: An Bar Dodanni da Muninsu, An Yi wa Jarumai Kwalliya

Wanda zai sayi The Witcher 3: Wild Hunt a yau, babban abin da zai biya wa kuɗi shi ne dodannin da ke cikinsa. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ne ya fitar da wasan ranar 19 ga Mayu, 2015, bisa littattafan Andrzej Sapkowski, waɗanda gajeren labarinsu na farko ya fito a 1986. Mai wasa yana sarrafa Geralt, maharbin dodanni da ke aiki don lada, mai takubba biyu a gadon baya: na ƙarfe don mutane da namun daji, na azurfa don dodanni. An sayar da kwafi sama da miliyan 50. Wannan sharhi ya duba bugun Complete Edition, wanda ya haɗa ainihin wasan da ƙarin labarai biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine, tare da babbar sabuntawar ranar 14 ga Disamba, 2022. Za mu taɓo wasu sirrin labarin, domin ba a auna dodo sai an faɗi abin da ya aikata.

Masu wasa sun daɗe suna gardama kan abu guda: idan aka ɗauko mummunar halitta daga littafi zuwa allo, a bar ta da muninta ne, ko a gyara mata fuska don ta samu masoya? Mu dai muna tare da masu cewa a bar ta, matuƙar munin yana da aikin yi. Wannan wasa ya nuna yadda ake yin hakan daidai, ya kuma nuna inda hannun masu zane ke rawa.

Jikin dodo shi ne gargaɗinsa

A fagen faɗa, siffar kowace halitta tana gaya maka abin da za ta yi kafin ta yi shi. Ɗauki rotfiend, gawar da ta ruɓe take yawo a tsoffin filayen yaƙi na yankin Velen. Idan jininta ya kusa ƙarewa, sai ta tsaya cak, ta kama kanta, jikinta ya kumbura, sannan ta fashe. Wanda ya ci gaba da sara a wannan lokaci zai rasa kaso mai yawa na jininsa, a matakin wahala mafi tsanani ma yana iya mutuwa nan take. Abin yi shi ne ka mirgina baya da zarar ka ga kumburin, in kuma akwai 'yan uwanta a kusa, fashewar ɗaya tana iya tayar da ta biyu. Da an zana ta da fata sumul, da babu inda idon mai wasa zai karanta wannan alama.

Haka alghoul, babban cikin masu cin gawa. Idan ya fusata, ƙayoyi suna fitowa a bayansa, kuma duk saran da ka kai masa kai ma sai ka ji a jikinka. Sihirin Axii, mai rikita hankali, shi ke sa ƙayoyin su koma na ɗan lokaci. Tsohuwar maƙabarta, grave hag, tana da dogon harshe da take bulala da shi daga nesa, kuma in ka tare shi da takobi a daidai lokacin da ta jefo shi, yana guntulewa, faɗan ya zama da sauƙi. Ta cikin fadama kuwa, water hag, laka take watsa maka ta rufe allon na 'yan daƙiƙoƙi.

A ƙauyen farko, White Orchard, akwai aikin fatalwar rijiya. Noonwraith ce, matar da aka kashe, tana shawagi da yagaggiyar riga, haɓarta a ɓalle, harshe a zazzago. Takobi yana ratsa ta kamar iska har sai ka zana tarkon Yrden a ƙasa ta shigo ciki, ko ka jefa mata bam ɗin Moon Dust. Kafin faɗan ka riga ka karanta littafin ajiyar bayananta, ka tsamo mundayenta daga rijiya, ka ga ƙasusuwanta a rataye. Saboda haka lokacin da ta bayyana, fuskar tata ba ta tsoratarwa kaɗai, tana nuna abin da aka yi mata.

Wasan ya ƙarfafa wannan da tsarin man shafa wa takobi. Kowane rukuni da nasa: Necrophage ga masu cin gawa da 'yan ruwa, Specter ga fatalwa, Cursed ga waɗanda aka la'anta, Hybrid ga masu rabin jikin tsuntsu ko dabba, Relict ga tsofaffin halittun daji. Kowane mai yana da matakai uku: na farko yana ƙara ɓarnar sara da kashi 10 cikin ɗari na tsawon sara 20, na biyu kashi 25 na sara 40, na ƙarshe kashi 50 na sara 60. Kuskuren da sababbin 'yan wasa suka fi yi shi ne su shafa man da ba na rukunin ba, don ba su tsaya sun kalli abin da ke gabansu ba. Wata sabuntawa da aka yi daga baya ta kawo zaɓin shafa mai kai tsaye ba tare da ka buɗe jaka ba. Shawararmu ita ce a bar shi a kashe a zagayen farko, domin yana ɗauke wa mutum dalilin ƙare wa dodo kallo.

Mayun fadama da ɗan tayin da aka binne

Inda wasan ya kai ƙololuwa shi ne tsakiyar Velen, wurin mayu uku na fadamar Crookback Bog. Kafin ka gan su, sai an fara nuna maka wani saƙaƙƙen zane a bangon bukka mai ɗauke da hoton kyawawan mata uku, kuma ta cikinsa suke magana da kai. Mutanen ƙauyen Downwarren suna kiransu uwayen daji, suna neman kariyarsu, suna biyansu da kunnuwan mutane. Kana tsaye dagacin ƙauyen zai yanke kunnensa da wuƙar da ka kawo masa, ya miƙa maka. Sai bayan wannan ne mayun suke fitowa a ainihin siffarsu. Brewess jibgegiya ce, kwando ya rufe mata fuska, fatarta duk gyambo. Weavess tana da doguwar hula mai tsini, gurbin idonta ɗaya ya zama gidan ƙwari, ga wasu ƙafafu na reto a gabanta. Whispess ta yane fuska da ƙyalle, tana ɗauke da sassan jikin mutane.

Jerin da aka bi shi ne gwanintar. Kyau ya zo da farko a matsayin ƙarya, muni ya biyo baya a matsayin gaskiya. Wanda ya tashi da tatsuniyar budurwar da ta ce sai miji marar tabo, dodo ya aro kyakkyawar siffa ya aure ta, ya riƙa mayar da kayan aro a hanya har ainihinsa ya fito, zai gane wannan gini nan da nan. Kuma masu zanen ba su sassauta ba. Mayun suna yi wa Geralt maganganun sha'awa da wannan jiki nasu, suna dariya, ƙudaje na bin su, kiɗan da ke tashi a bayansu yana tayar da tsigar jiki. Ana kiwon marayu a bukkarsu da kayan zaƙi don a ci su. Da an mayar da su kyawawan mata masu baƙaƙen tufafi, kamar yadda wasanni da dama ke yi da mayu, da wasu 'yan wasa sun fara nema musu uzuri, da kuma laifin mutanen ƙauyen ya ragu. Da muninsu, tambayar da ke damun mai wasa ita ce yadda yunwa da yaƙi suka kai mutane ga durƙusa wa irin wannan abu suna gode masa.

Aikin Family Matters ya bi ta wata hanyar. Phillip Strenger, wanda ake kira Bloody Baron, mashayi ne mai dukan matarsa Anna. Bayan wani dare na faɗa, cikinta ya zube, shi kuma ya binne ɗan tayin a ɓoye, babu suna, babu jana'iza. Abin da ya tashi daga ramin shi ake kira botchling: jariri mai tsagaggen leɓe, haƙora cike da baki, cibiya naɗe a jiki. Kallonsa yana da wuya ƙwarai. Wasan ya ba ka zaɓi biyu. Idan ka kai masa hari, yana girma ya zama dabba mai ƙayoyi, sai ka nemi man Cursed da sihirin Axii. Idan ka zaɓi ceto, uban ne zai ɗauke shi a hannu ya taka da shi har bakin ƙofar gidansa, fatalwa suna kawo hari a hanya, kuma duk lokacin da jaririn ya fara birkicewa dole ka yi maza ka kwantar da shi da Axii, in ka makara ya rikiɗe, zaɓin ceto ya kuɓuce. A bakin ƙofa uban zai raɗa wa jaririyar, domin mace ce, suna Dea, ya nemi gafararta, ya binne ta yadda ya kamata.

Ƙarfin wannan fage gaba ɗaya yana kan munin jaririn. An tilasta wa mutum ya rungumi sakamakon abin da ya aikata, kuma abin ba ya runguma. Jariri mai kumatu da manyan idanu zai sa kowa tausayi ba tare da wahala ba. Wannan kuwa sai mai wasa ya danne ƙyamarsa kafin tausayin ya zo, daidai da yadda uban yake yi a gabansa.

Mummuna ba lalle mugu ba

Akwai haɗari a cikin wannan ra'ayi namu, kuma dole a faɗe shi. Idan kowane mummuna mugu ne, kowane kyakkyawa nagari, to wasa yana koya wa yara su ƙyamaci masu nakasa da masu tabo. The Witcher 3 ya kauce wa wannan rami da gangan. Johnny, ƙaramin halittar daji mai shuɗiyar fata da manyan idanu, wanda ke kwana a rami, shi ne mafi gaskiya a duk fadamar. Dodannin dutse, wato rock troll, masu ƙusumbi da guntun hankali, da yawansu ana rabuwa da su lafiya ta hanyar magana, har akwai wanda ke gadin wani sansani yana waƙa, abin da yake nema kawai fenti ne. Uma, halittar da aka la'anta har ake ajiye ta don dariya a gidan Baron, ta fi ban tausayi a lokacin muninta. Da aka warware la'anar ya koma kyakkyawan Avallac'h, sai aka fara shakkar niyyarsa.

A Blood and Wine akwai wata halitta mai dabbare-dabbaren fata, spotted wight, a wani kangon gida cike da cokula. Asalinta mace ce mai suna Marlene, wadda ta kori maroƙi daga ƙofarta aka la'ance ta. Kana iya kashe ta, amma in ka karanta takardun da ke gidan, ka ɓuya a kabad har ta dawo, za ka iya zama ka ci abinci tare da ita, ka zaɓi a ci ba da cokali ba, la'anar ta karye. Abin yabo a nan shi ne ba ta koma budurwa ba. Tsohuwa tukuf ta koma, domin shekarun da ta yi a wahala ba su dawowa. A ɗaya gefen kuma, mafi hatsarin halitta a Hearts of Stone, Gaunter O'Dimm, mutum ne mai aski ƙwal da tufafin matafiyi, wanda za ka wuce a kasuwa ba ka waiwaya ba.

Inda hannu ya yi rawa

Ƙarfin halin da aka nuna a kan dodanni bai kai ga jaruman labarin ba. A littattafan, Geralt mutum ne fari fat, siriri, mai murmushin da ke sa mutane ja da baya, ana ƙyamarsa a matsayin wanda aka sauya wa halitta. A wasan ya zama ƙaƙƙarfan namiji mai gyararren gemu, har da shagon aski da salon gashi kala-kala. Sakamakon haka, idan ƙauyawa suka tofa yawu suna kiransa abin ƙyama, ido ba ya gaskata kunne. Magungunan da yake sha suna fito masa da baƙaƙen jijiyoyi a fuska idan gubarsu ta taru, wannan ya taimaka, amma yana gushewa cikin ɗan lokaci.

Na matan ya fi muni. Tabon Ciri, 'yar riƙon Geralt, a littafi rauni ne da ya ɓata mata kunci, ya dame ta matuƙa. A wasan ya zama siririn layi da bai taɓa kyanta ba. A littafi, matsafiya Triss, abokiyar Geralt, ta ƙone a yaƙin Sodden, har ta ce ba za ta ƙara sa riga mai buɗaɗɗen ƙirji ba. Wasan ya share wannan, ɗaya daga cikin ƙarin kaya 16 na kyauta ma riga ce mai buɗaɗɗen ƙirji aka ɗinka mata. An bar wa maza irin su Eskel, abokin sana'ar Geralt, tabonsu a fili, mata kuwa an goge musu.

Wannan son kwalliya ya tsallaka har kan wasu dodanni mata. Game da siren, halittar ruwa mai fukafukai ta tekun Skellige, ba mu da ƙorafi, domin kyan ɗan maciji ne da ita: daga nesa kyakkyawa, tana kawo hari fuskar ta koma ta kifi mai haƙora, kuma kibiya ɗaya ta baka ko bugun sihirin Aard yana kayar da ita ƙasa. Amma bruxa da alp na Blood and Wine, masu shan jini, an bar su tsirara da jikin da aka zana don jan ido ko a tsakiyar faɗa, ba tare da wani dalili na labari ko na dabarar yaƙi ba. Abin da ke kayar da su shi ne maganin Black Blood, bam ɗin Moon Dust da ke hana su ɓacewa, da man Vampire, kuma babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar wannan zane. Shirin talabijin na Netflix da ya fara a Disamba 2019 ya bi sawun wasan wajen jarumi, da aka ba Henry Cavill matsayin Geralt.

Aibi na biyu shi ne maimaici. 'Yan ruwa, wato drowner, suna da ban tsoro a karon farko a bakin kogi. Bayan awa 40 sun zama ciyawar hanya, an sauya musu launi da suna kawai. Alamomin tambaya da suka cika tekun Skellige kusan duk akwatunan 'yan fasa-ƙwauri ne da siren ke gadi. Muni yana dusashewa idan ido ya saba da shi. Maganin shi ne a kashe alamomin wuraren da ba a gano ba a taswira, a bi ayyukan kwangila da ke allunan sanarwa na ƙauyuka, domin a can ne kowane dodo yake da labarinsa da binciken sawunsa.

Saiti da abin da za a saya

Duk wannan aiki yana iya lalacewa da mummunan saiti. Mafi ƙarancin abin da kwamfuta ke buƙata shi ne Core i5-2500K, katin hoto GTX 660, RAM gigabait 6, da fili kimanin gigabait 50. Mai ƙaramar kwamfuta ya zaɓi DirectX 11 a allon farawa, domin DirectX 12 ya fi nauyi kuma ya fi yawan sarƙewa a tsofaffin injuna. Abubuwa biyu da suka fi cin ƙarfi su ne HairWorks, wato saitin motsin gashi, da nisan ganin ciyayi. A kashe na farko ko a bar shi kan Geralt kaɗai, a rage na biyu, a rage inuwa da yawan mutanen gari. Ingancin fatar abubuwa kuwa, wato saitin Texture Quality, shi ne na ƙarshe da za a taɓa, domin a nan gyambo da ruɓa da jijiyoyi suke. In aka sauke shi ƙasa, mayun fadama suna komawa dunƙulen laka. A kashe dishi-dishin motsi da na gefen allo. Kada a ɗaga haske fiye da kima don a ga hanya a kogo, domin yana wanke duhun da aka gina halittun a cikinsa. Maganin Cat ko tocilan wuta na cikin wasan su ne aka tanada don haka.

A PlayStation 5 da Xbox Series X akwai zaɓi biyu, firem 60 a daƙiƙa ko firem 30 mai ingantaccen haske. Na 60 ya fi, domin guntule harshe da kauce wa fashewa duk lokaci suke buƙata. Mai faifan PlayStation 4 yana samun bugun PlayStation 5 kyauta, in injinsa mai cin faifai ne. Bugun Nintendo Switch na Oktoba 2019 yana gudana a firem 30, da 540p a hannu, kuma nan ne aka fi asarar ƙananan bayanan fuskokin dodanni. Labarin yana nan daram, amma ba shi ne zaɓin wanda ya zo don zane ba.

Game da mataki, Blood and Broken Bones ne ya fi dacewa. A matakai biyu na ƙasa kana iya sare komai ba tare da ka buɗe kundin dodanni ba. Daga wannan mataki zuwa sama, zaman hutawa ba ya mayar da jini, don haka dole ka shirya kafin kowane faɗa. Jan ƙoƙon kai a saman dodo yana nufin ya fi ka nesa ba kusa ba, ka juya ka dawo daga baya. Ainihin labarin yana cin kimanin awa 50, Hearts of Stone kimanin 10, Blood and Wine 20 ko fiye.

Wasan ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, kuma bugun shagon GOG ba shi da makullin mallaka, ana iya ajiye fayilolin girkawa a faifan waje don kada a sake ƙona data. Steam da GOG suna yawan karya farashinsa sosai a lokutan rangwame, don haka babu dalilin saye a cikakken kuɗi. Yana ajiye ci gaba da kansa, amma inda wuta ke yawan ɗaukewa gara mutum ya riƙa ajiyewa da hannu kafin kowane babban zaɓi. Akwai fassarar rubutu da Turanci, Faransanci da Larabci, babu Hausa.

Wasan na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kuma da gaske ake nufi: akwai tsiraici, jima'i, giya, zagi, guntule gaɓoɓi, da labarin ɓarin ciki da dukan mata. Ba na yara ba ne, ba kuma na kunnawa a falo ko shagon wasa da yara ke shiga ba. Masu kwamfuta za su tarar da ɗaruruwan gyare-gyaren da 'yan wasa suka ƙirƙira, musamman tun da kamfanin ya saki manhajar yin gyare-gyare ta REDkit a Mayu 2024, kuma da yawansu na gyaran fuska ne da goge tabo. Waɗanda suka cancanci saukewa su ne masu ƙara kaifin fatar dodanni da masu mayar wa Geralt da Ciri kamanninsu na littafi, a kuma girka su ɗaya bayan ɗaya, ana gwada wasan a tsakani, domin gyara biyu da suka taɓa fayil guda suna iya hana shi tashi.